RASHIN GANIN NESA DA LAFIYAR HANKALI

Akwai wata larura ta ido wadda ba ta zafi, ba ta ƙaiƙayi, ba ta sa ido ja ko kwantsa, saboda haka yaro yakan yi shekara da shekaru da ita ba wanda ya sani, har shi kansa. Likitoci suna kiranta mayofiya. Da Hausa ana iya cewa rashin ganin nesa, amma kada mai karatu ya gama ta da rashin hangen nesa da ake zargin wanda bai iya tanadin gobe ba. Wannan hali ne na mutum, waccan kuwa larura ce ta ƙirar ƙwayar ido. Mai ita yana ganin abin da ke kusa da shi sarai, ya karanta ƙananan baƙaƙe, ya zura zare a allura, amma rubutun allon aji, ko lambar mota, ko fuskar mai tahowa daga ƙarshen layi, sai ya gan su dishi-dishi kamar cikin hazon hunturu.

A 'yan shekarun nan masu bincike a ƙasashe dabam-dabam sun lura cewa a cikin yara da matasa masu wannan larura ana samun ciwon damuwa da na fargaba fiye da yadda ake samu a cikin tsararrakinsu masu lafiyar ido. Wannan ya jawo tambaya: shin idon ne yake taɓa zuciya, ko zuciyar ce take taɓa ido, ko kuwa wani abu ne dabam yake taɓa su duka biyun? An shirya wannan ɗan littafi domin iyaye da malaman makaranta su san inda maganar ta kwana, su kuma san abin da ke hannunsu.

YADDA LARURAR TAKE

Tun wajen shekara dubu da suka wuce Ibnul Haisam, wanda ya yi zamansa a Alƙahira, ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga abu ya shiga ido. Cikin 1604 kuma Johannes Kepler, Bajamushe, ya bayyana cewa hasken nan yana taruwa ne ya zana sura a kan wani tantani da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido, watau ratina. Tsawon ƙwayar idon babban mutum daga gaba zuwa baya wajen milimita 24 ne. Idan ta zarce haka, sai hasken abin da ke nesa ya taru tun bai isa tantanin ba, ya sake bajewa, surar ta fito a dagule. Ƙarin milimita ɗaya tak ya isa ya hana yaro karanta allo daga tsakiyar aji.

Ana auna ƙarfin larurar da wani ma'auni da ake kira diyofta, shi ne lambar da ma'aikacin ido yake rubutawa a takardar tabarau da alamar ɗebewa a gabanta. In lambar ta kai 5 ko 6, to larurar ta yi tsanani. Galibi takan fara ne a shekarun firamare, ta riƙa ƙaruwa yayin da yaro ke girma, sa'an nan ta lafa wajen shekara ashirin. Akwai gado a cikinta, domin yaron da iyayensa biyu suke da ita ya fi saura kusa da samunta. Amma gado kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya auku a duniya cikin shekara hamsin ba. Wani ƙiyasi da masanan Ostareliya suka buga cikin 2016 ya nuna cewa a shekarar 2000 mutum biliyan 1.4 ne suke da ita, kuma in aka ci gaba a haka, kafin 2050 za ta kama kusan rabin mutanen duniya. A biranen gabashin Asiya kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare suna da ita. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, binciken da aka buga cikin 2012 ya sami kashi 96.5 cikin 100 a tsakanin samari 'yan shekara 19 da aka auna domin aikin soja. Kakannin waɗannan samari ba haka idanunsu suke ba.

Afirka ba ta kai nan ba. Da aka tattara binciken da aka yi a makarantun nahiyar aka buga cikin 2022, an sami ƙasa kaɗan da kashi 5 cikin 100 na yara. Sai dai a ƙasa mai yawan yara kamar Nijeriya, kashi 5 ɗin nan ba ƙaramin adadi ba ne, kuma abin ya fi yawa a birni bisa ga ƙauye. Binciken makanta da raunin gani na ƙasa baki ɗaya, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2007 a kan 'yan shekara 40 zuwa sama, ya nuna cewa babban abin da ke kawo raunin gani mai sauƙi da matsakaici a ƙasar nan shi ne larurorin da tabarau kawai zai gyara, amma ba a sami tabarau ɗin ba.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Cikin 2022 wasu masana, da goyon bayan ƙungiyar Orbis mai aikin ido, suka tattara bincike 36 da aka yi a kan yara, suka tace su wuri ɗaya. Sakamakon ya nuna cewa yara masu raunin gani, musamman masu rashin ganin nesa, sun fi saura nuna alamun ciwon damuwa da na fargaba. Ya kuma nuna cewa yara masu harara-garke da aka yi wa aiki aka miƙe musu ido, hankalinsu ya fi kwanciya bayan aikin. A wajen manya ma an ga irin wannan. Wani bincike da aka yi a Tokiyo aka buga cikin 2014, a kan masu larurar mai tsanani, ya sami alamun fargaba a wajen mutum ɗaya cikin huɗu. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne: sun san cewa idon da ya yi tsawo ƙwarai yana cikin haɗarin yagewar tantanin baya, da hawan jinin ido, da yanar ido, saboda haka kullum suna cikin zullumin makanta.

A nan wajibi ne mai karatu ya yi hattara. Mafi yawan binciken nan an yi su ne ta hanyar auna yara sau ɗaya, a duba idonsu, a ba su takardar tambayoyi su cika. Irin wannan awo yana iya nuna cewa abu biyu suna tafe tare, amma ba ya nuna wanda ya jawo wani. In an ga mutum biyu a kan hanyar kasuwa, mai yiwuwa ne ɗaya ya ɗauko ɗaya, mai yiwuwa kuma kasuwar ce ta fito da su, kowa daga gidansa. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin binciken rashin ganin nesa a ƙasar Sin aka yi su, inda yaro ke fama da nauyin karatu da na jarrabawa irin wanda ba kowace ƙasa ke da shi ba. Kuma bambancin da aka samu matsakaici ne. Galibin masu sa tabarau lafiyarsu ƙalau, hankalinsu a kwance. Duk wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya tafi yana cewa masu tabarau suna da taɓin hankali, to ya yi wa maganar fahimtar baibai, ya kuma ƙara wa yaran nauyin da ake neman sauke musu.

DAGA IDO ZUWA ZUCIYA

Hanyar da ta fi fitowa fili ita ce wadda ta taso daga ido. A ɗauki misalin yaro ɗan aji huɗu da aka zaunar a bencin baya, a aji mai yara tamanin. Malam yana rubutu a allo, shi kuwa ba abin da yake gani sai farin zane-zane. Sai ya leƙa littafin na kusa da shi, a ce yana satar amsa. Ya kwafi aiki da kurakurai, a ce ba ya mai da hankali. A tashe shi ya karanta abin da ke allo, ya yi shiru, 'yan aji su fashe da dariya. Ba zai ce ba ya gani ba, domin a zatonsa haka kowa yake gani. Bayan zango biyu ko uku sunan daƙiƙi ya bi shi, har shi ma ya yarda. A filin wasa ba ya ganin ƙwallo sai ta iso, saboda haka ba mai zaɓensa. A unguwa kuma ga wata fitinar, wadda mutanen ƙasar nan za su fi kowa gane nauyinta: babba ya taho daga nesa, yaro bai shaida shi ba balle ya durƙusa ya gaishe shi, sai ƙara ta iso gida cewa ɗan wane ya fara girman kai. Yarinya ma haka, a ce ta cika miskilanci. Yaron da yake shan faɗa a makaranta da gida a kan laifin da bai san ya yi ba, ba abin mamaki ba ne in ya janye jikinsa daga mutane, ya riƙa fargabar wayewar gari.

To, sai a ce ai magani a bayyane yake, a saya masa tabarau. Haka ne, amma nan ma da sauran rina a kaba. A yankin Biristol na Ingila an bi diddigin yara fiye da 6,000, aka buga sakamako cikin 2005 cewa masu sa tabarau sun fi saura fuskantar tsokana da cin zali da wajen kashi 35 cikin 100. Sunan nan na mai ido huɗu ba a makarantun ƙasar nan kaɗai ake jin irinsa ba. A yammacin ƙasar Sin kuma an yi wani babban gwaji a makarantun firamare 252, aka buga shi cikin 2014. An tarar cewa cikin yaran da suke bukatar tabarau, kashi 15 cikin 100 ne kaɗai suke da shi. Aka raba wa wasu kyauta, kuma makinsu na lissafi ya ƙaru. Amma da masu binciken suka koma makarantun ba sanarwa, sai suka iske kashi 41 cikin 100 ne kawai suke sanye da abin da aka ba su. Da aka duba lafiyar hankalin yaran, aka buga cikin 2018, sai aka ga cewa in an haɗa su jimla, tabarau bai kawo wani babban canji ba. Waɗanda dama suke da naciyar karatu fargabarsu ta ragu, waɗanda ba su da ita kuwa tasu ta ɗan ƙaru. Darasin da ke ciki shi ne, gilashi yana gyara surar da ke faɗawa a bayan ido nan take, amma shekarun da yaro ya yi ana kiransa daƙiƙi, da karatun da ya wuce shi, da tsokanar da ke jiransa, waɗannan sai mutane sun sa hannu.

Iyaye ma suna da nasu tsoron. Ana yawan cewa tabarau yana ƙara kashe ido, ko yana zurma shi, ko kuwa yaro ya yi ƙanƙanta da shi. Abin da ke jawo wannan zato shi ne, lambar tabarau takan ƙaru daga shekara zuwa shekara, sai a ɗora wa gilashin laifi, alhali kuwa idon ne yake tsawo tare da girman yaron, ko an sa ko ba a sa ba. An ma gwada ba yara tabarau mai rauni da gangan a Maleshiya, da zaton za a rage saurin larurar, sai sakamakon da ya fito cikin 2002 ya nuna ta ƙara sauri ne.

SAIWA ƊAYA, RESHE BIYU

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi jan hankalin masana, kuma ita ce ta fi shafar yadda ake renon yara a biranen Nijeriya yau. Cikin 2008 aka buga wani kwatanci tsakanin yara 'yan asalin Sin, masu shekara 6 zuwa 7, a birane biyu. A Singafo kashi 29 cikin 100 suna da rashin ganin nesa, a Sidni ta Ostareliya kuwa kashi 3 da 'yan kai. Jini ɗaya ne, kuma yaran Sidni ba su gaza na Singafo karatun littattafai ba. Bambancin da ya fito shi ne zaman waje: na Sidni suna yin kusan awa 14 a mako a sarari, na Singafo awa 3.

Daga nan aka shiga gwaji. A birnin Guangzhou aka ƙara wa wasu makarantu minti 40 na wasan waje kowace ranar karatu. Bayan shekara uku, kamar yadda aka buga cikin 2015, kashi 30 cikin 100 na yaransu ne suka kamu, a sauran makarantun kuwa kusan kashi 40. Taiwan ta riga ta ɗauki mataki tun 2010, ta umarci makarantu su fitar da yara waje minti 120 kowace rana, kuma bayan shekaru ana hawa sai adadin masu raunin gani a firamare ya juyo, daga wajen kashi 50 cikin 100 zuwa 46 a 2015.

Asirin yana cikin ƙarfin haske. Hasken sarari, ko da a inuwar itace ne, ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa, ko da ɗakin yana da fitilar lantarki. Gwajin da aka yi a kan 'yan tsaki da birai ya nuna cewa haske mai ƙarfi yana sa tantanin bayan ido ya saki wani sinadari mai suna dofamin, shi kuwa yana taka wa tsawon ido birki. Sunan nan ba baƙo ba ne ga likitocin ƙwaƙwalwa, domin dofamin yana cikin sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aiki da su wajen jin daɗi da himma. Amma kada a yi gaggawar ɗaure su da igiya ɗaya: na ido a ido ake yinsa, a ido yake aikinsa. Abin da ya tabbata shi ne, hasken rana guda ɗin nan da ido yake bukata shi ne kuma yake daidaita agogon jiki, ya sa barci ya zo a kan lokaci. Wani bincike a kan manya fiye da 400,000 a Birtaniya, wanda aka buga cikin 2021, ya nuna cewa masu yawan zama a hasken rana sun fi samun barci mai kyau, kuma ciwon damuwa ya fi ƙaranci a cikinsu.

Annobar korona ta zo ta yi wa duniya gwajin da ba wanda zai yarda a yi da gangan. A gundumar Feicheng ta ƙasar Sin, inda ake auna idon 'yan makaranta kowace shekara, rashin ganin nesa a tsakanin 'yan shekara 6 bai taɓa wuce kashi 5.7 cikin 100 ba daga 2015 zuwa 2019. Bayan kullen 2020 sai ya kai kashi 21.5. A wannan shekarar ta farko ta annoba, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na Maris 2022, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Ƙofar da aka rufe guda ɗaya ce, ta taɓa ido, ta taɓa zuciya.

Nauyin karatu shi ma saiwa ce. Masanan Birtaniya sun nuna cikin 2018 cewa kowace shekara da mutum ya ƙara a makaranta tana ɗan ƙara masa larurar, da kimanin rubu'in diyofta. Ba wanda zai ce a rage neman ilmi. Amma a dubi ranar yaron birni a Kano, ko Abuja, ko Legas: a fita da shi da sassafe cikin mota ko Keke, ya yini a aji mai ƙananan tagogi, a makarantar da wani lokaci ba ta da filin wasa ko kaɗan, daga nan darasin ƙari, daga nan Islamiyya, in ya dawo gida a rufe ƙyaure saboda tsoron abin da ke waje, ya ƙarasa darensa da waya a tafin hannu. Ga rana Allah Ya hore wa ƙasar nan, amma yaron bai sha ta ba. Ƙasar Sin, da ta ga fiye da rabin yaranta sun kamu, sai da ta kai ga taƙaita aikin gida da darasin ƙari cikin 2021, ta kuma rage wa yara wasannin intanet zuwa awa uku a mako. Ya fi sauƙi a gyara tun ba a kai can ba.

DAGA ZUCIYA ZUWA IDO

Wannan ita ce hanyar da aka fi yi wa ƙarin gishiri. Cikin 1920 wani likita a birnin New York, William Bates, ya buga littafi yana da'awar cewa takurar zuciya ce take kawo rashin ganin nesa, kuma in mutum ya saki ransa ya yi wasu motse-motsen ido zai jefar da tabarau. Har yau ana tallar irin wannan a intanet. Gwaji bai gaskata shi ba, kuma hankali ma ba zai ɗauka ba, domin idon da ya riga ya yi tsawo ba ya komawa. Haka nan tsohon zancen nan cewa masu larurar mutane ne masu noƙe-noƙe da gudun jama'a tun asali, an gwada shi a Malbon ta Ostareliya cikin 2008 ba a sami hujjarsa ba.

Duk da haka akwai gaskiya guda a wannan gefe. A cikin ido akwai wata 'yar tsoka mai matse madubin ido sa'ad da ake duban abu na kusa. Wani lokaci, saboda doguwar ƙura wa littafi ido ko tashin hankali, sai ta ɗaure ta ƙi saki, nesa ta dushe alhali tsawon idon daidai yake. Wannan shi ne rashin ganin nesa na ƙarya, kuma yana warkewa. Shi ya sa ma'aikacin ido yake ɗiga wa yaro maganin da ke sakin tsokar kafin ya auna shi, don kada a ɗora masa tabarau da ba ya bukata.

Nijeriya tana da nata tarihi a wannan fage. Cikin 1960 Raymond Prince, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya bayyana wata larura da ya gani a wurin ɗaliban ƙasar nan, wadda su da kansu suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa. Ɗalibi yakan zo da kukan zafi ko nauyi a kai da wuya, idonsa yana ciwo, gani yana dushewa in ya buɗe littafi, ya karanta shafi bai fahimci kome ba, kuma abin ya fi tashi gab da jarrabawa. Likitoci da yawa suna ganin fargaba ce da damuwa suke fitowa ta jiki. Saboda haka ɗalibin da ya zo da irin wannan kuka yana bukatar awo biyu. A fara da ido, domin mai yiwuwa tabarau ne kawai maganin. In an iske idon lafiya, kada a ce ƙarya yake yi ko lalaci ne. A zauna a saurare shi.

Akwai kuma batun magunguna. Wani maganin farfaɗiya da ciwon ɓarin kai mai suna topiramate yana iya kawo rashin ganin nesa farat ɗaya tare da hawan jinin ido, galibi cikin watan farko na shansa. Wanda ya ga haka ya koma asibiti a ranar. Wasu tsofaffin magungunan damuwa da na taɓin hankali kuma sukan dushe ganin kusa. A gaya wa likita, kada a daina sha da ka.

ABIN DA KE HANNUN IYAYE DA MALAMAI

Alamun ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Yaro yana ƙanƙance ido in zai dubi nesa, yana matsawa jikin talabijin, yana kai littafi dab da fuska, yana yawan kukan ciwon kai bayan makaranta, ko makinsa ya faɗi ba dalili. Malami yana iya gwada ajinsa duka cikin safiya ɗaya da allon awon ido mai harafin E: a tsai da yaro nesa da mita 6, a rufe ido ɗaya, sa'an nan ɗayan. Wanda ya kasa karanta layin 6/12 da kowane ido a rubuta wa iyayensa takarda, kafin nan kuma a dawo da shi bencin gaba. Uba ma yana iya nuna wani rubutu daga nesa ya ce, "Karanta mini wancan," ya gwada da abin da shi yake gani.

Awo na sosai sai a asibiti, wurin likitan ido ko ma'aikacin awon ido mai rajista. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi. Tabarau na tebur da ake sayarwa a kasuwa galibi na dattawa ne masu wahalar karatun kusa, ba zai amfani yaron nan ba, sai ma ya ƙara dagula masa gani. Tabarau na wa ko na maƙwabci shi ma ba ya yi. Kada a ɗiga wa ido ruwan ganye ko wani haɗi, ba ya rage tsawon ido, yana kuwa iya kawo gyambo da hakiya. A riƙa komawa awo kowace shekara. Inda larurar take gudu da sauri, likita yana da dabarun rage ta, kamar ɗigon atirofin mai sauƙin ƙarfi da wasu tabarau na musamman, amma shi ne mai yanke wannan shawara.

Ranar da yaro ya fara zuwa da tabarau, kalma ɗaya daga malamin aji tana iya kashe tsokana tun ba ta tashi ba. A bar yaro ya zaɓi firam ɗin da yake so, domin wanda ya zaɓa da kansa ya fi wuyar ɓoyewa a jaka. A kuma taimaka masa ya cike karatun da ya wuce shi. Shugabannin makarantu su kiyaye lokacin tara da na wasanni, kada a mai da su darasi, kuma darasin da za a iya yi a gindin itace a yi shi a can. Abin da ake nema shi ne awa biyu a sarari kowace rana, safe ko la'asar, ba lalle sai cikin garjin rana ba. Wannan ya fi amfani tun kafin larurar ta fara, saboda haka ƙannen mai tabarau su ne farkon waɗanda za a fitar.

Ta wajen zuciya kuwa, in yaro ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ya bar wasan da yake so, barcinsa ko cin abincinsa ya canza, yana ƙin makaranta, to abin ya wuce ƙiwuya. In ya ambaci mutuwa ko cutar da kansa, kada a kwana ba a nemi taimako ba. Ana iya farawa daga asibiti mafi kusa. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Aro, da Yaba ta Legas, da Benin, da Inugu, da Kalaba. Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu cikin Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa mai irin wannan larura bambanci, ta kuma ba shi haƙƙin a riƙe sirrinsa.

Masu lamba mai tsanani, manya da yara, su riƙe wannan: a riƙa duba musu bayan ido a asibiti kowace shekara, ko da ba sa jin kome. In mutum ya fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawa suka bayyana masa farat ɗaya, ko ya ga kamar an saki labule ta gefe guda, alama ce tantanin baya yana yagewa. Ba ya zafi, amma aikin gaggawa ne. A tafi asibitin ido a wannan rana.